Ranar da sitiyari ya saki a tsakiyar teku: labarin wayar juyi da ta tsinke a wani jirgin filafilai

## Jirgin da yadda sitiyarinsa yake aiki

Jirgin da ake magana a kai na filafilai ne, irin wanda iska ke turawa, tsawonsa mita 11, da ɗan injinsa na shiga tasha da fita. Mai shi na hannu ya saye shi, shekara 4 kenan yana wajensa, kuma cikin takardun da tsohon mai jirgin ya miƙa masa akwai na inji akwai na batura amma babu ko layi ɗaya da ya ce ga ranar da aka taɓa canza wayar sitiyari. Yawanci shi da ƙaninsa suke fita. Daga bakin su biyun na ji labarin, guntun wayar kuma na riƙe shi a hannuna na jujjuya.

Bari in ɗan faɗi yadda abun yake tukunna, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kai ba. Sitiyarin yana jikin wani turke ne mai rami a ciki, saman turken kamfas ne a zaune, wato na'urar nuna alƙibla. Cikin turken akwai giya mai haƙora irin ta babur da sarƙa a kanta, lamba 40, wato daga ido zuwa ido milimita 12.7, ta ƙarfen da ba ya jan maganaɗisu saboda kar ta rikita kamfas ɗin. Kowane bakin sarƙar an ɗaura masa waya mai kaurin milimita 5, su biyun su sauka ƙasan daɓen jirgi, kowacce ta bi ta kan fuli, wato 'yar tayar ƙarfe mai kwari a bakinta da ke juyawa da waya, ta karya kwana ta yi baya, su je su naɗe wani ƙarfe mai kama da rabin faifai da ake ce wa kwadaran, shi kuma a ɗaure yake da sandar da ke riƙe da allon juyi, allon nan da ke cikin ruwa a gindin jirgi. Ka murɗa sitiyari, waya ɗaya ta ja ɗaya ta saki, allo ya karkata, jirgi ya juya. Shikenan. Waya dai ba ta san turi ba, ja kawai ta iya, shi yasa in ɗaya ta tsinke ɗayar ma ta zama hoto.

Wayar kuma irin wadda ake kira 7x19 ce, tufka 7 kowacce da silli 19, sillaye 133 kenan sirara, don ta riƙa lanƙwasuwa a kan fuli ba tare da ta karye ba.

## Wata 8 kafin abun ya faru

Sitiyari ya fara wasa. Sai ka murɗa shi kamar faɗin yatsa 3 kafin ka ji allo ya amsa. Mai jirgin ya shiga ramin kaya na baya da tocila a baki, ya samu bol ɗin nan masu ido guda 2 da ke jikin kwadaran inda wayoyin suka ƙare, ya ƙara wa kowanne noti zagaye 2, wasa ya tafi. Bayan wata 5 wasan ya dawo, ya sake ƙara zagaye 3, ya shafa giris a iya inda hannunsa ya kai. A wannan karon sitiyarin ya ɗan yi nauyi, kuma in an juya shi hagu ana jin wani ɗan ƙara can ƙasa kamar ana goga cokali a bakin tukunya. Ƙanin ya yi maganar sau ɗaya, yayan ya ce sabon ɗauri ne, zai saki da kansa.

Fulayen biyu suna can ƙarƙashin turke ne a bayan wani katako da aka ɗaure da sukuru 6. Ba a buɗe katakon ba.

## Rana ta 1, wajen ƙarfe 2 na rana

Suna kamar mil 20 na teku daga tasha, kusan kilomita 37 kenan, iska tana busowa ta baya-baya da ƙarfinta, raƙuman ruwa suna ɗaga gindin jirgi suna ajiyewa, irin tafiyar da mai sitiyari ba ya hutawa don kowane raƙumi sai ya tare shi. Ƙanin ne a kai. Wani babba ya zo, ya murɗa da ƙarfi, ya ji tas a ƙarƙashin ƙafarsa sannan ƙarar sarƙa ta zube cikin turke, sitiyari ya kama juyawa fayau kamar tayar keken da aka kifa.

"Yaya, sitiyari ya saki!"

Jirgi ya juya hanci ya fuskanci iska da kansa, filafilai suka kama kaɗawa fat fat fat, allon juyi kuma da ya samu 'yanci ya dinga buga kwadaran jikin matokaransa, wato abubuwan da ke tsayar da shi kar ya wuce iyaka, hagu da dama, gam, gam, kana ji har cikin haƙora. Abu na farko da suka yi shine naɗe filafilin gaba gaba ɗaya da sauke babban, don jirgi ya daina gudu babu mai riƙe da linzami.

Sai sandar gaggawa. Kowane jirgi mai sitiyari ya kamata yana da ita, bututun ƙarfe ne mai lanƙwasa da ake zurawa kai tsaye a kan sandar allo ta wata kafa mai murfi a daɓe. Sandar tana nan, can ƙasan kaya, an ɗauki minti 10 ana tono. Murfin ne ya ƙi, gishiri ya ci zarensa, makullinsa kuma babu wanda ya san inda yake, sai da aka sa bakin sukundireba a ramin murfin aka dinga dukansa da guduma kaɗan kaɗan bayan an zuba ruwan zafi. Minti 25 kafin ya motsa. Otofailot ɗinsu, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, bai taimaka da komai ba saboda irin wanda ke juya sitiyarin da bel ne, shi ma wayar da ta tsinke ɗin yake dogaro da ita. Da irin wanda ke haɗe da sandar allo kai tsaye a ƙasa ne, da maɓalli ɗaya za a danna a ci gaba da tafiya.

Sandar gaggawar gajera ce don turken sitiyari ya tare mata hanya, mutum ɗaya ba ya iya riƙe ta in raƙumi ya bugo. Suka ɗaura mata igiya 2, ɗaya zuwa wincin dama ɗaya zuwa na hagu, winci shine 'yar gangar ƙarfen da ake naɗa igiya a murɗa a ja ta da ƙarfi, sai aka samu sauƙi. Kuma ita sanda akasin sitiyari take, ka tura ta hagu jirgi ya yi dama, ƙanin da bai taɓa tuƙi da sanda ba sai da ya yi kuskure sau 3 kafin hannunsa ya gane.

## Rana ta 1, ƙarfe 4 zuwa magariba: dabaru biyu

Kafin kowa ya sa hannu kusa da kwadaran sai da suka ɗaure sandar tam a tsakiya, don ƙarfen nan in ya kaɗo yana iya datse yatsa. Yayan ya kwanta a ramin, kai a ƙasa ƙafa a sama, ga jiri ga tashin zuciya, ya cire katakon nan mai sukuru 6. Wayar hagu ce ta tsinke, daidai inda take hawa fuli, bakinta ya baje kamar tsintsiya.

Dabara ta farko, a haɗa baki da baki. Suna da kilam, wato maɗamkin waya, guda 4, irin mai lanƙwasar U da noti 2. Amma kafin kilam ya kama dole bakin biyu su hau juna kamar santimita 10, wayar ta gajarce kenan, aka kwance bol mai ido har ƙarshen zarensa duk da haka da kyar ta kai. Ko da ta kai ɗin ma, mahaɗin ya faɗo daidai bakin fuli ne tunda nan ta tsinke, ana murɗa sitiyari kwata sai kilam ya toge a fuli ya tsaya cak. Awa ɗaya ta tafi a banza.

Dabara ta biyu, a cire wayar hagun gaba ɗaya a sa igiya. Suka cire kamfas, amma sai da suka yi masa alama da salatif don ya koma yadda yake, suka zura ƙugiyar waya suka jawo sarƙar da ta zube suka mayar kan giya, suka ɗaura igiyar foliyesta mai milimita 6 daga bakin sarƙa zuwa kwadaran. Sitiyari ya dawo, suka yi hamdala. Sai dai igiyar foliyesta tana miƙewa in ta ji nauyi, sitiyarin ya zama kamar kana danna katifa, ka murɗa rabin zagaye allo bai sani ba, kuma duk sanda igiya ta miƙe ɗaya wayar sai ta yi sako-sako. Minti 40 aka yi da ita, wani raƙumi ya zo, wayar damar da ta saki ta fice daga kwarin kwadaran, sarƙa ta tsallake haƙora. Aka koma gidan jiya.

Daga nan suka haƙura, suka tada inji, suka bi da sandar gaggawa da wincinta zuwa wani lungu da tudu ya kare daga iska, suka jefa anka, ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, wajen ƙarfe 10 na dare.

## Rana ta 2, da safe

Ruwa a kwance, ciki ya lafa, tunani ya dawo. A cikin kaya akwai igiyar Dyneema mai milimita 6 kamar mita 8, ragowar wani aiki. Ita wannan igiyar kusan ba ta miƙewa kuma ta fi wayar sitenles mai irin kaurinta ƙarfi, matsalarta santsi. Suka yi mata ƙulli irin wanda suka saba suka gwada ja da winci, ƙullin ya dinga zamewa a hankali har ya kwance a gaban idonsu. Gara da suka gwada a sama.

Dole sai saƙa. Igiyar tufka 12 ce kuma cikinta rami ne, don haka ana lanƙwasa bakinta a zagaye zoben ƙarfe a mayar da wutsiyar cikin cikinta, in an ja sai ta shaƙe wutsiyar da kanta. Wutsiyar tana son tsawo kamar ninki 72 na kaurin igiyar, santimita 43 kenan, a kuma rage mata sillaye a ƙarshe don ta sirance. Ba su da alluran saƙa, bututun biro suka liƙa wa wutsiyar da salatif suka tura. Suka auna tsawo da guntayen tsohuwar wayar, suka rage santimita 3 saboda sabuwar saƙa tana zama ta ƙara tsawo in ta ji nauyi, suka ja ta da winci sosai kafin su saka.

Aka mayar da sarƙa, aka ɗaure, aka gwada. Sandar gaggawa tana nan a zure, ƙanin ya murɗa sitiyari dama, sanda ta yi dama.

"Ya yi, Yaya, tare suke tafiya."

Suka ɗaga anka, yayan ya murɗa dama don a fita, jirgi ya yi hagu ya nufi duwatsu. Allah ya sa a hankali ake tafiya, ya ja giyar baya aka sake jefa anka. Abun da ya faru shine a wannan jirgin wayoyin suna gicciye juna ne a cikin turke, ta dama ta sauka hagu ta hagu ta sauka dama, su kuma garin mayar da sarƙa sun juya ta sun warware gicciyen. Gwajin da suka yi ma ya nuna musu, ba su karanta daidai ba ne, in sitiyari ya yi dama sanda hagu ya kamata ta yi. Suka sake cire kamfas, suka ɗaga sarƙa suka juya ta, minti 20.

## Rana ta 2, bayan awa 3 ana tafiya

Sitiyari yana amsawa tsaf, ba wasa ba katifa. Yayan ya ce duk awa sai an leƙa, kuma a leƙe na 3 ya ga igiyar ta yi gashi-gashi, daidai wurin da wayar ta tsinke jiya, ba sama ba ƙasa. Ya haska tocila ya ce wa ƙanin ya murɗa a hankali. Fulin dama yana juyawa. Na hagu ko motsi ba ya yi, igiya ce kawai ke zamewa a kansa.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Suka tsayar da jirgi, suka ɗaure sanda, suka sassauta igiya, suka bugo fin ɗin fulin, wato 'yar sandar da yake juyawa a kanta, da guduma. Bushin da ke cikinsa, wato zoben tagullar da ke tsakanin fuli da fin, ya bushe ƙamas ya kama fin, kwarin fulin kuma waya ta sassaƙe shi ta bar masa tsagi masu kaifi, in ka bi da farce sai ya maƙale. Suka goge fin da kwarin da sanfefa har farce ya daina kamawa, suka ɗiga man inji, suka mayar, suka matsar da igiyar kaɗan ta hanyar juya ta kai da gindi don wurin da ya yi gashi ya bar kan fuli. Da haka suka shiga tasha kafin duhu, igiya ba ta ƙara gashi ba.

## Rana ta 5 zuwa ta 8: gyaran gaske

Wani maƙwabcinsu a tasha ya kawo ragowar waya kyauta, milimita 5 ce sitenles ce, amma 1x19 ce, irin ta ɗaure dogon turken filafilai, silli 19 masu kauri. Ka lanƙwasa ta a hannu ka ji tana gardama. Ba a yi ta don hawa fuli ba, aka yi godiya aka mayar.

Mai jirgin da farko wayar hagu da fuli ɗaya kawai ya so canzawa. Mai gyaran wayoyin jirgi da suka kira bai yi musu da shi ba, tsumma ya ɗauko ya ɗiga masa mai ya bi wayar damar da shi, tsumman ya maƙale a wuri 3, sillaye ne suka karye suka miƙe kamar ƙaya. Sarƙar ma da aka wanke ta an samu idanu 2 da suka sandare. To magana ta ƙare, aka canza wayoyi 2, sarƙa, fulaye 2 da fin ɗinsu.

Sabbin fulayen faɗinsu santimita 10, wato ninki 20 na kaurin waya, daidai da tsoffin. An zura siririyar igiya ta bi kowacce tsohuwar hanya kafin a zare komai, saboda gicciyen nan kar a maimaita. An sa tsakiyar sarƙa a saman giya lokacin da allo ke tsakiya, aka kuma tabbatar kwadaran yana bugun matokaransa tun kafin bakin sarƙa ya iso haƙoran giya, kowane ɓangare. An daidaita kowane fuli yadda waya za ta fito daga kwarinsa ta shiga kwarin kwadaran a miƙe ba ta gogar gefe, na hagun sai da aka sa masa ɗan wasal, siririn zoben ƙarfe, a ƙasa. A bakin kwadaran waya ta zagaye zobe aka kama ta da kilam 3, tazarar santimita 3 tsakaninsu, gindin kilam mai faɗi a kan wayar da ke ɗaukar nauyi, lanƙwasar U a kan wutsiya. In aka juya su U ɗin zai lotse wayar mai aiki. Da suka duba kilam ɗin da yayan ya ɗaura a teku, 2 cikin 4 a juye suke.

Ɗauri kuma ga yadda mai gyaran ya auna: a ɗaure birkin sitiyari, a kama kwadaran da hannu a gwada motsa shi, in ya motsa a ƙara, da zarar ya daina a tsaya nan, sannan a saki birki sitiyari ya juya da yatsa ɗaya. Aka sa noti na biyu ya kulle na farko. Bayan fita ta farko aka sake bin notocin kilam don sabuwar waya tana ɗan sirancewa in ta ji nauyi, ko wanne ya karɓi kusan kwatan zagaye. Kamfas ya koma kan alamarsa, aka gwada shi da wata hanya da suka san lambar da kamfas ke nunawa a kanta.

## Bayan wata 6

An ƙara wa bol masu ido zagaye 1 a sati na 2, daga nan ba a sake taɓawa ba. Ƙaran nan na cokali ya ɓace. Sukuru 6 na katakon an mayar da su sakata 2 da ake buɗewa da hannu. Duk wata ana bin wayoyin da tsumma mai mai, ana kallon fulaye suna juyawa, ana ɗiga wa sarƙa man inji, tsumma bai kama komai ba.

## Abin da guntun wayar ya nuna

In ka kalli bakin da ya tsinke kusa kusa, sillayen kashi 3 ne. Na waje sun lafe sun yi sheƙi ta gefe ɗaya, guga ce ta cinye su. Wasu sun karye a datse kamar an sa almakashi, wannan gajiyar ƙarfe ce, lanƙwasa da miƙewa a wuri ɗaya ba adadi, don yawancin tuƙi a kusa da tsakiya ake yi kuma guntu ɗaya ne kullum ke hawa yana sauka. 'Yan kaɗan ne a tsakiya suka ja suka sirance kafin su tsinke, su kaɗai raƙumin ranar ya kashe. Sauran sun daɗe da mutuwa.

A ganina laifin na fuli ne, wayar ta biya bashin da ba ita ta ci ba. Wasan da sitiyari ya fara wata 8 baya waya ce ke sassaƙar kwarin fuli tana kuma rasa sillayenta, kowane zagayen noti ya rufe alamar kuma ya ƙara danne bushin da dama ya bushe, garin neman gira aka rasa ido. Kilam bai yi ba don waya a kan fuli take tsinkewa, mahaɗi kuma ba ya wuce fuli. Foliyesta ba ta yi ba don tsarin ja-da-ja ba ya ɗaukar miƙewa ko kaɗan. Dyneema ta yi, amma da ba a leƙa ba da ita ma tsagin nan sun yanke ta kafin tasha, kuma taushinta ne ma ya tona asirin fulin cikin awa 3, abun da waya ta ɓoye wata da watanni. Sabuwar waya kaɗai a kan tsohon fulin nan da ta bi sahun ta farko.

Inda na fi ganin gangancinsu ma ba wayar ba ce, minti 35 ɗin nan ne tsakanin sakin sitiyari da zura sandar gaggawa. A fili suke ba komai kusa shi yasa aka sha, da a bakin mashigar tasha ne da labarin ya canza.

Har yanzu 'yan uwan ba su daidaita ba a kan abu ɗaya, ƙanin yana ganin da Dyneema aka bari gaba ɗaya tunda ba ta tsatsa kuma su da kansu suna iya saƙa ta, yayan ya ce waya ya fi yarda da ita a wurin da ido ba ya kaiwa kullum. Igiyar da suka saƙa da bututun biro tana nan a jaka ɗaya da sifana 2 da makullin murfi, a rataye jikin sandar gaggawa a bakin ramin kaya.